Ɗalibin Kimiyya da Watanni Shida na Koyon Aiki



Wannan lacca ta shafi wani ɗan lokaci ne a cikin rayuwar ɗalibin kimiyya, watau watanni shidan nan da jami'a takan sallame shi ya tafi wata ma'aikata ko masana'anta ya koyi aiki da hannunsa, kafin ya komo ya ƙarasa shekararsa ta ƙarshe. A takardun hukuma sunan shirin SIWES, amma a bakin ɗalibai IT ne kawai. Da yawa daga cikinsu sun ɗauke shi hutu, wasu malamai kuwa sun ɗauke shi wata 'yar hidima da aka ɗora musu ba gaira ba dalili. Abin da za a duba a nan shi ne inda shirin ya samo asali, da abin da ake nufin ɗalibi ya samo a cikinsa, da kuma dalilin da ya sa galibi yakan dawo hannu rabbana.

Kafin zuwan makarantar boko babu wanda ya taɓa raba ilmin sana'a da wurin yin ta. Yaron maƙeri da zuga yake farawa. Yakan shekara yana zuga yana kallon wuta, har ya gane launin da ƙarfe yake yi idan ya isa duka, da launin da yake yi idan ya wuce kima ya fara ƙonewa, tun ba a ba shi masaba ya riƙe ba. Haka yaron marini a Ƙofar Mata ta Kano: ba wanda zai zaunar da shi ya karanta masa yawan baba da toka da katsi da za a zuba a karofi, sai dai ya ga ana yi, ya shaƙi warin, ya ga kumfar da ke tasowa, ya san ranar da rini ya nuna. Majemi ma da bagaruwarsa haka yake koya wa ɗansa. Duk waɗannan sana'o'i kimiyya ce tsantsa, ko da yake masu yin su ba su san sunayen sinadaran da ke aiki a ciki ba. Ɗalibin jami'a ya san sunayen, ya iya rubuta lissafin haɗuwarsu a allo, amma sau da yawa hannunsa bai taɓa kayan ba.

Wannan giɓi ba a Nijeriya aka fara ganinsa ba. Cikin shekarar 1906 wani malamin injiniya mai suna Herman Schneider, a Jami'ar Sinsinati ta Amurka, ya fito da wani tsari bayan ya lura cewa ɗaliban da suka taɓa yin aiki kafin su gama karatu su ne suka fi saurin kama aikin injiniya. Ya fara da ɗalibai 27. Ya haɗa su biyu-biyu, ɗaya yana aji ɗaya yana masana'anta, in mako ya zagayo su yi musanya, ta yadda kujerar aji ba ta zama wofi, injin masana'anta kuma bai rasa mai kula da shi ba. A Ingila an san irin wannan tsari a kwalejojin fasaha, inda ake saka shekara guda ta aiki a tsakiyar shekarun karatu. A Kanada kuwa, Jami'ar Waterloo da aka kafa a 1957 a kan wannan tsari aka gina ta tun daga tushe. Abin lura a tsarin Schneider shi ne cewa aikin da ɗalibi yake yi aiki ne na gaske, wanda in bai yi shi ba masana'anta za ta ji a jikinta, kuma ana biyansa lada. Za a komo kan wannan batu a gaba.

Asalin shirin a Nijeriya

Bayan yaƙin basasa, ga kuɗin man fetur ya fara shigowa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙudura niyyar mayar da harkokin ciniki da masana'antu hannun 'yan ƙasa, abin da ya haifar da dokar 1972. To, amma mallakar hannun jari daban, iya tafiyar da inji daban. Saboda haka tun a 1971 aka kafa Asusun Horas da Ma'aikata, watau ITF, da doka mai lamba 47, wanda hedkwatarsa take Jos. Kamfanoni sukan zuba wani kaso na kuɗin albashin ma'aikatansu a asusun, a mayar musu da wani abu in sun nuna sun horas da mutanensu. Masu masana'antu a lokacin suna kukan cewa waɗanda jami'o'i ke yayewa sun san littafi amma ba su san aiki ba, har wasu sun fi son ɗauko ma'aikata daga ƙasashen waje. Amsar wannan kuka ita ce SIWES, wanda asusun ya kafa a 1973, aka fara tura ɗalibai a 1974. A shekarar farko ɗaliban ba su kai 800 ba, daga makarantu 11.

Asusun ya ɗauki nauyin shirin shi kaɗai har zuwa 1978, sa'an nan nauyin ya fi ƙarfinsa. A 1979 Gwamnatin Tarayya ta miƙa shi ga Hukumar Jami'o'i da Hukumar Ilmin Fasaha, a ƙarshen 1984 kuma aka sake mayar da shi hannun asusun, gwamnati tana ba da kuɗi. Doka mai lamba 16 ta 1985 ta sa aikin koyon sana'a ya zama wajibi ga ɗaliban fannonin injiniya da fasaha da kimiyyar aikace-aikace. Zuwa 2008 ɗaliban da ke shiga shirin a shekara sun haura 200,000.

Ga inda gizo ke saƙar. Waɗanda suka tsara shirin sun tsara shi ne a zamanin da masana'antu ke ƙaruwa. A Kaduna akwai masaƙu a Kakuri, ta farkonsu ta fara aiki tun 1957; kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya buɗe a 1975; matatar mai ta biyo baya a 1980. A Kano akwai Bompai da Sharaɗa da Chalawa cike da majemu da masaƙu da matatsun man gyaɗa. Ga siminti a Sakkwato da Ashaka, ga madatsar ruwa ta Kainji tun 1968. Ɗalibin kemistiri na wancan zamani zaɓe yake yi. Daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 abubuwa suka fara juyawa: darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi zama, kayan waje masu araha suka cika kasuwa. Masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002, wasu suka bi ta. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda aka sa ran za ta lanƙwame dubban masana kimiyya, ba a kai ga kammala ta ba. Watau a daidai shekarun da ɗalibai suka ninka sau ɗaruruwa, a cikinsu ne wuraren koyon aikin suka yi ta raguwa.

Abin da aji ba ya iya koyarwa

Ya kamata a tsaya a nan a yi bayani filla-filla, domin in ba a san abin da ake nema ba, ba za a san an rasa shi ba. A ɗauki misalin ɗalibin da aka tura matatar ruwan sha, kamar ta Tamburawa ko ta Chalawa a Kano. A aji an koya masa cewa ana zuba alif a ruwa domin ƙananan ƙwayoyin laka su dunƙule su kwanta, sa'an nan a tace da yashi, a zuba kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Ya haddace wannan, ya ci jarrabawa a kansa. Abin da bai sani ba shi ne cewa babu wani adadin alif guda da za a rubuta a bango a riƙa bi kullum. Ruwan kogi na watan Maris daban yake da na watan Agusta. Ruwan sama ɗaya da aka yi da dare a can sama da kogi ya isa ya mai da ruwan ja wur kafin gari ya waye. Don haka mai aikin yakan ɗebo ruwan, ya zuba a kwalabe shida, ya sa wa kowace alif gwargwado daban, ya motsa, ya jira, ya ga wadda ta fi saurin kwanciya da ƙarancin magani. In ya rage alif, ruwa ya fita da gurɓata, kulorin kuma ba ya cin ƙwayoyin cutar da suka ɓuya cikin laka. In ya yi yawa, an yi asarar kuɗi, ruwan kuma ya yi tsami ya fara cin bututu. Bayan wannan sai ya tabbatar da cewa akwai sauran kulorin a ruwan da ya isa famfon ƙarshe na gari, kimanin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita, domin bututu yana da tsawo kuma yana yoyo.

A ɗakin gwaji na jami'a, in ɗalibi ya kuskure awo, maki yake rasawa. Sau da yawa ma an san amsar tun kafin a fara gwajin, har wasu sukan gyara alƙalumansu su dace da ita, malami ya sa hannu. A matatar ruwa ba wanda ya san amsa, kuma in aka kuskure unguwa guda ce za ta kwana da gudawa. Wannan bambanci shi ne kan gaba cikin abubuwan da ake tura ɗalibi ya gano: cewa lambar da ya rubuta a takarda wani zai dogara da ita ya yanke shawara.

Tarihin ƙasar nan yana da shaida mai ɗaci a kan haka. A 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan sun sha maganin zazzaɓi na ruwa. Da aka bincika sai aka tarar an haɗa maganin da wani sinadari mai guba da ake kira dayitilin gilaikol, a madadin furofilin gilaikol wanda shi ne na halal. Su biyun ruwa ne mai kauri, marar launi, mai ɗan zaƙi, ido ba ya rarrabe su, amma na farkon yana kashe ƙoda. A 2008 abin ya sake faruwa da wani maganin haƙoran jarirai, yara 84 suka rasu, ga shi kuwa a lokacin hukumar NAFDAC ta shekara 15 da kafuwa. A duka biyun an karɓi sinadari an yarda da abin da aka ce shi ne, ba a gwada shi ba kafin a zuba. Kowane ɗalibin kemistiri na aji uku ya san yadda ake rarrabe sinadaran nan biyu a ƙa'ida. Abin da ya ɓace shi ne ɗabi'ar ƙin yarda da takardar da ke jikin ganga sai an gwada abin da ke cikinta, da ƙarfin halin ce wa mai gida ba za a yi amfani da kayan da ya riga ya biya kuɗinsu ba. Ɗabi'a irin wannan ba a karanta ta. A wurin wanda yake da ita ake ɗaukarta, kamar yadda yaron maƙeri yake ɗaukar sanin launin wuta.

Akwai sauran abubuwa ƙanana waɗanda a wurin aiki ba ƙanana ba ne. Daidaita ma'auni kafin a fara awo da safe. Rubuta suna da kwanan wata da lokaci a jikin kowace kwalbar samfur tun a bakin kogi, ba bayan an dawo ba. Rubutu da biro a littafi mai lambobin shafi, in an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, a sa hannu. Sanin inda ake zubar da ragowar sinadari. Iya yi wa manaja, wanda bai karanta kimiyya ba, bayani cikin jimla uku. Da kuma zama lafiya da tsohon ma'aikacin da ba shi da digiri amma ya shekara ashirin a gaban injin, wanda ya san ƙarar da yake yi in zai lalace. Ɗalibin da ya shiga da girman kai a gaban irin wannan mutum ya rufe wa kansa ƙofar da ta fi kowace amfani.

Yadda abin yake gudana

A ƙa'ida, jami'a tana da ofishi na musamman da zai nemo wa ɗalibai wurare, ya tura sunayensu ga hukumomi. Ma'aikatar da ta karɓi ɗalibi za ta ba shi mai kula da shi, ta tsara masa abin da zai koya. Shi kuma zai riƙa rubuta aikin kowace rana a littafin da ake kira logbuk, mai kula da shi ya sa hannu kowane mako, malami daga jami'a ya kawo ziyara, ofishin asusun ya buga hatimi. In ya dawo ya rubuta rahoto, ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Tsari ne mai kyau, ba a rasa kome a cikinsa ba a takarda.

A aikace kuwa, takardar neman wuri ake miƙa wa ɗalibi, a ce ya je ya nema. Ɗan wanda ya san mutane zai samu a babban kamfani ko cibiyar bincike. Ɗan talaka daga ƙauye zai yi ta zagaya ofisoshi har wata guda ya wuce, a ƙarshe ya yarda da duk inda aka karɓe shi, kuma dole ya zama kusa da gidan wani ɗan'uwa inda zai sami wurin kwana da tuwon dare. An yi shekaru da yawa ana biyan ɗalibin jami'a alawus na naira 2,500 a wata, kuma galibi sai bayan an gama aikin da daɗewa yake fitowa. Ta haka ake samun ɗalibin ilmin ƙananan halittu a ofishin sakatariya yana jera fayil, ko ɗalibin fizis a shagon buga takardu. Wanda ma ya dace da wuri mai kayan aiki, sau da yawa akan hana shi taɓa su, don tsoron kada ya ɓata injin da ba a da kuɗin gyara shi; sai ya wuni a tsaye yana kallo, in an gaji da ganinsa a aike shi sayo abinci. Ɗalibai mata suna da tasu damuwar ta daban, wadda ba kasafai suke kai ƙararta ba, domin wanda za a kai ƙara shi ne mai sa hannu a littafin.

Sa'an nan ga logbuk ɗin da ake cikawa a mako na ƙarshe, da biro kala biyu don a ga kamar a ranaku daban-daban aka rubuta. Wannan shi ne mafi muni a cikin lamarin duka, kuma ba a cika ɗaukarsa da nauyi ba. An tura ɗalibi ya koyi riƙon amanar rubutu, sai ga shi darasin farko da ya koya shi ne yadda ake ƙaga rubutu, babba ya sa hannu, hukuma ta buga hatimi, a ba shi maki mai kyau. Wanda ya saba da haka yana ɗan shekara ashirin da biyu, in wata rana ya zama mai kula da ingancin kaya a kamfanin magani, ba zai ji nauyin rubuta cewa an gwada abin da ba a gwada ba.

Laifin ba na ɗalibi kaɗai ba ne, ba kuma na masana'anta kaɗai ba. Kamfani ba makaranta ba ne, riba yake nema, kuma ɗalibin da ba zai amfane shi da kome ba nauyi ne a kansa. A nan ne darasin Schneider yake: ɗalibinsa yana cike gurbin da kamfani ke bukata. Jami'ar da ke son a karɓi ɗalibanta da hannu biyu sai ta aika su da wani abu a hannu. In an san wurin da ɗalibi zai je tun zangon karatu na baya, ana iya ba shi makonni biyu ko uku a ɗakin gwaji yana maimaita ainihin awon da za a bukace shi da shi, har hannunsa ya faɗa. Ana kuma iya tura shi da tambaya guda wadda ta dami mai masana'antar: me ya sa shinkafar da ake bushewa take karyewa a inji, me ya sa ruwan rijiyar burtsatsen kamfani yake barin tsatsa a tanki, nawa ne gubar kuromiyam a ruwan da majema ke zubarwa. Malami ya ba da kayan awon jami'a, kamfani ya ba da samfur da wurin zama, ɗalibi ya sami abin rubuta kundin digirinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kowa a cikin ukun ya ga abin da zai ci.

Batun ƙarancin wurare gaskiya ne, amma an ɗan zuzuta shi, domin har yanzu idon ɗalibai da malamai yana kan manyan kamfanoni irin na 1980. Cibiyoyin bincike suna nan: ta aikin gona a Samaru, ta lafiyar dabbobi a Vom wadda ke yin allurar rigakafi, ta fasahar sinadarai a Basawa kusa da Zariya, ta Tafkin Chadi a Maiduguri. Bayan su akwai injinan casar shinkafa da suka yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa, da masu haɗa takin zamani, da masu abincin kaji, da ɗaruruwan masu ruwan leda waɗanda galibinsu ba su da ma'aikaci ko ɗaya da ya iya ƙirga ƙwayoyin cuta a ruwa. Akwai kuma wuraren da ba masana'antu ba ne amma sun fi kowa bukatar mai awo. A 2010 gubar dalma daga duwatsun da ake niƙawa a cikin gidaje don neman zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, kuma aikin gano gubar a ƙasa da a jinin yara ya dogara ƙwarai a kan masana da na'urori daga ƙasashen waje. Awon ƙasar tsakar gida aiki ne da ɗalibin kemistiri ko na ilmin ma'adinai zai iya koya cikin 'yan makonni, in akwai mai nuna masa da kayan kare kansa.

Sai dai ƙaramin wuri yana da haɗarinsa, watau ɗalibi yakan zama shi ne ya fi kowa sani a wurin, babu wanda zai gyara masa. A irin wannan hali ziyarar malami ita ce kome. Ziyarar da aka saba, wadda malami zai zo sau ɗaya ya sa hannu a littattafai ashirin cikin awa biyu ya kama hanya, ba ta isa ba, shi kuwa malamin bai da laifi sosai, tun da kuɗin motarsa ma ba kullum ake biya a kan kari ba. Yanzu da kusan kowane ɗalibi yake da waya, babu abin da zai hana sashe ya nemi kowa ya aiko da hoton shafin logbuk ɗinsa kowace Juma'a, malami ya duba ya mayar da tambaya ɗaya ko biyu. Shafin da aka aiko a makonsa ba ya ƙaguwa daga baya. Ranar kare rahoto kuma, maimakon a zauna ana sauraron tarihin kamfani da jerin sassansa, waɗanda ɗalibi ya kwafo daga rahoton na gaba da shi, sai a kai shi ɗakin gwaji, a aje masa kwalabe shida da alif da bokitin ruwan kogi, a ce ya nuna abin da ya ce ya yi watanni shida yana yi.